RIƘON YARA DA HAƘƘIN MARAYA A KAN AL'UMMA

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar a zaman da 'yan'uwa maza da mata suka yi kan halin marayu da 'ya'yan raunana. Mun rubuto shi daga faifai, mun rage maimaici kawai.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, zan fara da wani abu da na gani da idona a unguwarmu, domin na san kowannenku ya taɓa ganin irinsa. Wani bawan Allah ya rasu ya bar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu, babbar cikinsu ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Kwana bakwai da rasuwar, dangi suka zauna a zaure. Wansa ya ce zai ɗauki namijin. Ƙanwarsa da ke aure a birni ta aiko cewa a ba ta babbar, tana bukatar mai taya ta aiki. Ta ukun aka ce a kai wa kaka a ƙauye. Na goyen kaɗai aka bar wa uwar, shi ma don yana shan nono ne. Kafin la'asar an gama rabo, kowa ya tashi yana ganin ya yi zumunci. Matar tana ɗaki tana takaba, ba wanda ya shiga ya tambaye ta ra'ayinta, ba kuma wanda ya ce: nawa ne zai ishe ta ta riƙe su huɗun a ɗakin ubansu? Yaran nan sun rasa uba ranar Talata, kafin wata Talatar sun rasa uwa, sun rasa junansu. Bayan shekara biyu na ga babbar a tashar mota da tiren gyaɗa a ka, ƙarfe tara na dare.

To wannan shi ne abin da muka taru a kansa yau.

Riƙo tsohuwar al'adarmu ce, kuma ba na cikin masu zaginta. Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, kuma a da ya yi aiki da maganar. Ɗan fari ana kai shi wurin kaka saboda kunya. Yaron da aka kai yaye wani lokaci ya zauna ke nan. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, ɗan'uwanta ya ba ta 'ya, ta raine ta, ta yi mata kayan ɗaki, ta aurar da ita. Wanda ya karanta tarihin Baba ta Karo, wanda Baturiyar nan Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga mace wadda ba ta taɓa haihuwa ba amma ɗakinta bai rabu da 'ya'ya ba. A wancan tsarin gida babba ne, gandu ɗaya, rumbu ɗaya, kuma idon kowa yana kan yaron. In goggo ta matsa wa ɗan riƙo, kafin gari ya waye magana ta isa kunnen uban gida. Yanzu gandun ya watse, kowa yana ɗakin haya, abinci awo ne. Sunan riƙo ya saura, idon da ke tsaronsa ya tafi. Shi ya sa sau da yawa abin da muke kira riƙo a yau aikatau ne ba albashi.

Mu koma ga shari'a mu ga me ta tsara, domin ta yi bayani filla-filla, mu ne muka bar karatun.

Manzon Allah (SAW) kansa ya tashi a hannun masu riƙo. Mahaifinsa ya rasu yana ciki. Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi a ƙauyen Banu Sa'ad. Mahaifiyarsa ta rasu a Abwa'i yana ɗan shekara shida, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya karɓe shi, bayan shekara biyu shi ma ya rasu, riƙo ya koma ga baffansa Abu Ɗalib. Da ya girma kuma fari ya auka wa Makka, ya ga Abu Ɗalib da yawan iyali da ƙarancin abin hannu, sai shi da baffansa Abbas suka je don su rage masa nauyi: shi ya ɗauki Ali, Abbas ya ɗauki Ja'afar. Ku lura, Ali ba maraya ba ne a lokacin, ubansa yana raye. Talauci ne ya kawo riƙon. Ku lura kuma, sun je sun nemi yardar uban, kuma yaran ba su bar garin ba, ba su bar danginsu ba, ba a canza musu suna ba.

Batun suna babba ne. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a gidan Annabi (SAW) har ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, bisa al'adar Larabawa ta mayar da ɗan wani ɗan cikinka. Ayoyi na 4 da na 5 na Suratul Ahzabi suka sauka suka rushe wannan, aka yi umarni a riƙa danganta kowane yaro ga ubansa na asali, in ba a san uban ba to ɗan'uwa ne a addini. Abin da aka hana shi ne shafe nasaba. Ɗaukar nauyin yaro, wato kafala, wannan an kwaɗaitar da shi matuƙa, har Annabi (SAW) ya yi nuni da yatsunsa biyu don kwatanta kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Ina faɗin wannan ne saboda na san gidajen da aka ɓoye wa yaro asalinsa, aka rubuta masa sunan mai riƙo a takardar makaranta, har sai ranar rabon gado wani ɗan gidan ya jefe shi da maganar a bainar jama'a. Wane irin tausayi ne wannan? Ka gaya masa tun yana ƙarami, cikin hikima, ka kai shi ya ga danginsa. In kana son ya samu wani abu daga dukiyarka, ka ba shi kyauta kana raye ya karɓa a hannunsa, ko ka yi masa wasiyya, shari'a ta ba ka har sulusi tunda shi ba magaji ba ne.

Sannan wa ya fi cancanta da yaro? Malamanmu na Malikiyya, a Risala da Muhtasar, sun jera masu haƙƙin reno, kuma uwa ce a gaba. Bayanta mahaifiyarta, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a gangaro ɓangaren uba. Haƙƙin renon namiji yana nan har ya balaga, na mace har mijinta ya tare da ita. A shekara ta 7 bayan hijira, lokacin umrar ramuwa, Ali da Ja'afar da Zaidu sun yi jayayya kan wanda zai riƙe 'yar Hamza shahidin Uhudu. Annabi (SAW) ya hukunta wa Ja'afar, dalili kuwa shi ne matarsa Asma'u 'yar Umaisu 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce, ya kuma bayyana cewa inna tana matsayin uwa. To a wane littafi muka samo cewa da zarar mutum ya mutu, ko ya saki matarsa, 'yan'uwansa maza su zo su ƙwace yara da hujjar cewa "'ya'yanmu ne"? Waliccin dukiya da na aure daban, reno daban. Gaskiya ne idan uwa ta yi aure da wanda ba muharramin yaron ba haƙƙinta yana iya faɗuwa, amma ko a nan ga kakar yaron ta wajen uwa yake komawa, in ta cika sharuɗɗa. Kuma ba laifi ba ne mijin uwa ya karɓi agola. Annabi (SAW) ya auri Ummu Salama da 'ya'yanta, ɗanta Umar a gabansa ya koyi ladabin cin abinci. Mu kuwa mun mayar da kalmar agola abin gori.

Yanzu ga wurin da nake so 'yan'uwa su buɗe kunne sosai. A mazhabar Maliku, ciyarwa ta wajibi tsakanin dangi taƙaitacciya ce: uba ya ciyar da 'ya'yansa, ɗa ya ciyar da iyayensa matalauta. Alƙali ba zai tilasta wa baffa ko kaka ciyar da maraya ba, saɓanin Hanafiyya da Hanbaliyya da suka faɗaɗa ta zuwa sauran makusanta. To maraya marar dukiya, a wuyan wa yake? A wuyan baitulmali. In babu baitulmalin da ke aiki, nauyin ya dawo kan jama'ar Musulmi a matsayin farilla ta kifaya: in wasu sun tsaya ya faɗi a kan saura, in kowa ya juya baya kowa ya yi laifi. Ke nan kai da kake sahun gaba a masallacin unguwa, ba za ka ce yaron yana da baffanni ba ka wuce. Haka ma tsintaccen jariri: ɗaukarsa farilla ce ta kifaya, kuma a Muwaɗɗa an kawo cewa Sayyidina Umar ya hukunta cewa tsintacce ɗa ne mai 'yanci, ciyar da shi kuma daga baitulmali, yana hannun wanda ya tsince shi. An kuma ruwaito cewa Umar ya fara yanka wa yara kaso ne bayan yaye, sai ya gano mata suna gaggauta yaye don su samu kason, sai ya mayar da shi tun daga haihuwa. Dubi wannan fahimta. Kuɗin ya bi yaro zuwa ɗakin uwarsa, ba a ɗauke yaron aka kai shi inda kuɗin yake ba.

Na san da an ambaci marayu abin da ke fara zuwa zuciyar mai hali shi ne gina gidan marayu: katanga, ƙofar ƙarfe, allo mai ɗauke da sunansa. Allah Ya saka wa masu niyyar da alheri, kuma akwai yaran da ba su da wani wuri sai can. Amma a saurari abin da aka gano. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, duniya ta ga yara sama da 100,000 a gidajen gwamnati. Daga shekarar 2000 masu bincike suka bibiyi yara 136 a birnin Bukares, rabinsu aka mayar da su hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi sauran a kaifin fahimta, da magana, da iya shaƙuwa da mutum, musamman waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk matar da ta taɓa goyo. Jariri yana bukatar fuska ɗaya da zai sani, wadda in ya yi kuka za ta zo. Ma'aikaciyar da ke kula da yara ashirin, ta tashi ƙarfe biyu wata ta karɓe ta, ko tana da zuciyar zinariya ba za ta zama wannan fuskar ba. Ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 20, ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta, ta kuma kawo gidajen ajiye yara a ƙarshen jeri, in bukata ta tilasta. Maroko ta yi wa kafala doka ta musamman a 2002, inda alƙali ke ba da yaro kuma yake bin sawunsa. Abin namu ne, wasu suka tsara shi, mu muka bar shi kara zube.

Kuma mun ga abin da rashin sa ido ke haifarwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, ciki har da yara, wasu da mari a ƙafa, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don neman gyaran hali. A watan da ya biyo baya aka dawo da yara tara da aka sace a Kano aka sayar a Anaca, an canza musu sunaye. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu na asali kamar kaya. Duk wannan ya faru ne ga yaran da babu wani baligi guda da za a nuna a ce: kai ne za a tambaya in wani abu ya same shi.

Ga shi kuwa bukatar sai ƙaruwa take yi. Rikicin da ya ɓarke a Borno tun 2009 ya bar dubban marayu. Hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato sun tashi garuruwa, har dubban mutane suka tsallaka jihar Maraɗi a 2019, mafi yawansu mata da yara, kuma talakawan ƙauyukan can ne suka fara buɗe musu gidajensu kafin wata hukuma ta iso. A Maiduguri lauya Zanna Mustapha ya buɗe makaranta a 2007 wadda daga baya ta haɗa 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare a aji ɗaya, ya kuma tallafa wa zawarawa iyayensu da sana'a, har aka ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Na kawo shi ne don ya fahimci cewa ba a raba taimakon maraya da taimakon uwarsa.

Kada kuma mu taƙaita ga wanda ubansa ya mutu. Akwai matar da aka kwantar a asibiti wata biyu, wa ke dafa wa yaranta? Akwai wadda mijinta ke kurkuku yana jiran shari'a. Akwai sakakkiya da ke fita wankau tun safe, ta kulle yara uku a ɗaki, babbansu ɗan shekara shida, da ashana da risho a gefe. Irin waɗannan ba sa bukatar a karɓe musu 'ya'ya. Suna bukatar maƙwabciya amintacciya da za ta riƙe yaran daga hantsi zuwa azahar, ko na mako biyu, a biya ta wani abu daga asusun jama'a. A kowace unguwa akwai dattijuwar da ta gama aurar da nata, tana zaune ba abin yi, ita ma tana bukatar na goro da na sabulu. Haɗa waɗannan biyun ba ya bukatar bulo ko ɗaya.

Ga wanda ya ɗauki riƙo kuma, ina yi masa nasiha da tsoron Allah a kan dukiyar yaron. Farkon Suratun Nisa'i ya yi magana a kan wannan da kaushi: a riƙe dukiyar, a jarraba hankalin maraya in ya kai munzali, a miƙa masa a gaban shaidu, aya ta 10 kuma ta kwatanta cin ta bisa zalunci da cusa wuta a ciki. Uwar Muminai A'isha ta riƙi marayun ɗan'uwanta tana fitar musu da zakkar dukiyarsu, Umar kuma ya yi umarni a juya dukiyar marayu a kasuwanci don kada zakka ta cinye ta. Mu fa? Gonar maraya baffa ke nomawa shekara goma sha biyar, ranar da yaron ya buɗe baki a ce masa: tuwon da ka ci fa? A rubuta komai ranar da aka karɓa, gona da iyakokinta, dabbobi da adadinsu, liman da mai unguwa su sa hannu. Akwai kuma jikokin da ubansu ya riga kakansu mutuwa, baffanni suka shamakance su daga gado. Masar ta yi wa wannan dokar wasiyya ta dole a 1946. Mu ko ba doka, dattijon da ke da irin waɗannan jikoki ya yi musu wasiyya tun yana da numfashi.

Wani ya rubuto tambaya kan muharramaka, cewa yaron da ka raina in ya balaga ya zama baƙo ga matarka. Haka ne, riƙo ba ya sa muharramaka, shayarwa ce ke sa ta. A wurin Malikiyya ko sau ɗaya nonon ya isa cikinsa a cikin shekara biyun farko ya wadatar, Shafi'iyya suka ce sai sau biyar. In jariri ne aka ɗauka kuma matar gida tana shayarwa, matsalar ta warware, sai dai a rubuta, a sanar da dangi saboda aure nan gaba. In ya wuce haka, to a kiyaye hijabi da raba makwanci kamar yadda ake yi da ɗan ƙanin miji. Wannan ba hujjar korar yaro ɗan shekara goma sha huɗu zuwa shagon ƙofar gida ba ce, a bar shi da abokan banza.

Amma mafi wuya shi ne daidaitawa, kuma a nan maganata da 'yan'uwa mata ce, ko da yake mazan ne ke kawo yaron ba shawara su aje su fita. 'Yar'uwa, yarinyar nan ta san kwanon da aka zuba mata da wanda aka zuba wa 'yarki. Ta san wa aka tasa da asuba ya ɗebo ruwa, wa aka bari ya yi barci. Ta san wa aka ɗinka wa sabo da Salla, wa aka rage wa kwance. Ba za ta faɗa ba, amma tana lissafi. In kin san ba za ki iya ba, faɗin haka tun farko ya fi, a nemi wani gidan, babu kunya a ciki. Kai kuma maigida, in ka kawo ɗan ɗan'uwanka, ka ƙara cefane, kada ka ɗora wa matarka baki na shida a kan kuɗin mutum biyar sannan ka zarge ta da mugunta.

Abin da nake ba da shawara, kowace unguwa da muke da 'yan'uwa a fitar da mutum biyar, biyu daga ciki mata, domin namiji ba zai shiga ɗakin mai takaba ya ji damuwarta ba. Su bi gida gida su rubuta yaran da ke cikin wannan hali a littafi guda da ba a karanta shi a lasifika. A haɗa asusu na wata wata, ko na mudun hatsi ne, a kuma nemi kason zakka daga masu fitarwa, da hukumomin zakka a jihohin da ke da su, irin Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano. Tambayar farko a kan kowane yaro ita ce: me zai sa ya zauna wurin uwarsa? Kuɗin haya ne, jari ne, ko kuɗin makaranta? Sai in wannan ya gagara a nemi kaka ko inna, sannan sauran dangi, sannan amintaccen gida a cikin unguwar, kuma a yi ƙoƙari kada a raba wa da ƙani. Duk yaron da aka ba wani, a ziyarce shi kowane wata, a keɓe da shi a ji ta bakinsa, a je makarantarsa a ga ko sunansa yana rajista. In an ga alamar duka ko wani abu mafi muni, a ɗauke shi, a kai maganar ga hukuma, kada a ce za a rufa wa babba asiri a kan yaro. Kuma don Allah a daina jera marayu a layi ana ɗaukar hotonsu da ledar shinkafa a hannu ana watsawa a waya. Yaron zai girma ya ga hoton.

Ita yarinyar da na ba ku labarinta, mun yi magana da goggon tata, ba ta ji daɗi ba, har yau ba ma gaisawa sosai. An dawo da ita wurin uwarta bayan mutum shida sun ɗauki nauyin hayar ɗakin, aka saya wa uwar injin markaɗe. Namijin yana wurin baffansa har yanzu, ya ƙi sakinsa, muna kan magana.

Waɗanda za su shiga wannan aiki su tsaya bayan an tashi su ba da sunayensu, 'yan'uwa mata kuma akwai mai rubutawa a ɓangarensu. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi, Ya jiƙan iyayenmu.